Ba Ƙiba Ka Yi Ba, Ɗayyabu

Daga ofishin Babban Likitan Ƙoda, shugaban duk masu wankin ƙoda na Katsina da kewayenta.

Zuwa ga majinyacinmu Malam Ɗayyabu ɗan Hajara, mutumin ƙauyen da ke gabas da Bauranya a ƙasar Kusada, wanda aka ce yanzu yana wani gari can bayan Maraɗi wurin mai magani.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar jiki, ina fata takardar nan ta same ka a zaune. Ban ce a kwance ba, don na san kwanciya ta fara gagarar ka.

Ba al'adata ba ce in rubuta wa majinyaci takarda. Ni mutum ne mai ayyuka, manyan mutane na zaune bakin ƙofata tun safe suna jiran in leƙo. Amma an kira wayarka ba ka ɗauka ba, an aika maka saƙon murya ba ka buɗe ba, alhali ɗan ɗigon koren nan da ke gefen sunanka kullum a kunne yake. Tunda nan kake leƙowa, nan zan ajiye maka ita, gaban kowa. Ku kuma 'yan leƙe ku karanta, ba wanda ya hana ku. Mai lambar Baffa Sule, ƙanen mahaifinsa da ya ɗauke shi ya tafi da shi, ya taimaka ya tura mashi.

Maganar guda ce, Ɗayyabu. Ka bar injin wankin ƙoda, ruwa na taruwa a jikinka, in ba ka dawo ba ruwan nan zai hau ƙirjinka ya kashe ka. Sauran duk bayani ne.

Mafi yawan bayanin daga bakin ɗan rakiyarka na ji shi, wannan saurayin dogo, kyakkyawa, mai natsuwa, wanda nas-nas ɗinmu ke rububin gaishe shi, wato Bishir ɗan kawunka. Ya shaida mani cewa kai ɗan mace ne shi ɗan namiji, saboda haka a dokar taubasai kai bawansa ne, kuma bawa ba ya ƙetare iyakar ƙasa bai sallami ubangidansa ba. Na duba littattafan likitanci, na ga gaskiya ya faɗa.

Ka tuna ranar farko. Bishir ya goyo ka a babur daga gida zuwa Kankia, ƙafafunka kamar turame, takalmi ya ƙi shiga, sai da aka naɗe su da tsumma saboda zafin salansa. Daga Kankia mota zuwa Katsina. Da aka kai ka ɗakin ka ga mutane jere a gadaje, kowa da inji a gefensa, jininsa na yawo a waje cikin tiyo, sai ka coge a bakin ƙofa ka ce ka manta ba ka ba awaki ruwa ba. Bishir ya tura ka ciki.

Amma kai manomin rani ne, ka tashi kana jan tiyo a lambun albasa. Kafin a gama wankin farko ka gane injin fiye da yadda ka gane matarka. Ka bi shi da ido: ga tiyon da ke fitar da jini daga jikinka, ga famfon da ke murza shi, ga doguwar gorar robar nan da ake tace shi a ciki, ga tiyon da ke maido maka. Ka leƙa ƙasa ka ga jarkoki biyu da injin ke zuƙa. Ka tambayi Sista Rabi, nas ɗin da ke kula da kai, mi ke ciki. Ta ce gishiri-gishiri ne da aka auna daidai da na jinin mai lafiya, injin ke gauraya su da ruwan da aka tace a ɗakin baya, tacewar da ko ruwan shan masu kuɗi bai samu ba. Ta ce ba ɗura maka shi ake ba. Gefen jinin yake bi a cikin gorar, da siririn shamaki tsakaninsu, ya janye datti da ruwan da ya yi maka yawa, ya zube a magudana. Can ka ce: "Ashe injin ban-ruwa ne aka juya. Ni ne fadamar da ta cika, ana kwashe ni."

In an gama kuma, sai a saki ruwan ledar nan da ke rataye ya koro sauran jinin da ke cikin tiyo ya koma jikinka. Kakan tsare shi da ido, daga ja ya koma fari-fari har ya washe, kana ce wa Sista ta ƙara ɗan jira, ko ɗigo ba ka yafe masu ba.

Ka kuma tuna ranar da injin ya yi ta kuka. Dasashinka ya kwana biyu yana jini, sai suka rage maganin da ke cikin ɗan sirinjin nan da ke maƙale a gaban injin. Ana tsakiyar wanki gorar ta fara duhu, daga ja ta koma kalar hanta. Jini ya daskare a ciki. Dole aka tsaya, aka cire ta da jininka a ciki aka jefa a bokiti, kana kallo kamar an zubar maka da buhun gero. Ranar Sista ta nuna maku sirinjin da yatsa. Ta ce jini in ya bar jijiya ya taɓa roba halinsa ne ya daskare, ɗan ruwan nan da ake ɗiga mashi kaɗan-kaɗan shi ke hana shi. Kuma ba ya barin jiki da an kashe inji, sai ya ɗauki lokaci. Shi ya sa duk ranar wanki tana manna maka bandeji tana biya maka karatu ɗaya: "Malam Ɗayyabu, yau ba aski, ba yanke farce, ba sakace da tsinke." Ka ce mata: "Sista, gidan wanzami fa zan koma." Ta ce: "To ka gaishe shi daga nesa."

Na kawo wannan ne don kar wani ya ce ba ka sani ba. Ka sani. Ka fi duk mutanen ƙauyenku sani.

Abin da ka tsana ba allura ba ce, ba kuma wahalar hanya ba. Ƙishirwa ce. Sikelin bakin ƙofa shi ne babban maƙiyinka, ka hau kafin wanki, ka hau bayan wanki, kuma bai iya rufa asiri ba. In ka wuce ɗan kofin da aka yanka maka, Sista ta kalli sikeli ta kalle ka ta ce, "Biki aka yi a garinku?" Kai da masu fura na kasuwar Kankia ke hangowa su fara damu tun ba ka yi sallama ba, ka koma tsotsar ƙanƙara a leda kamar ƙaramin yaro. Bishir ya ce ya taɓa samun ka zaune gaban randar mahaifiyarka, Gwaggo Hajara, ka ɗaga faifan, ba ka sha ba, ƙamshin ƙasar kawai kake shaƙa. Ya ce ya yi niyyar tsokanar ka, bakin ya ƙi buɗuwa. Ya ce wannan ne karo na farko a rayuwarsa, kuma na yarda.

Duk da haka ƙafa ta saɓe. Takalmi ya shiga. Ka koma kwana a miƙe kamar mutane, kana takawa zuwa lambu kana faɗa da yaran da suka bar maka tiyo a rana, kana ɗaga ɗiyarka Ummi sama ba ka haki. Wannan ma a rubuta, don yanzu an fara cewa tun da ka shiga injin ba ka ga daidai ba.

Sai ranar ƙaho.

Kai ka san kawunka Malam Iro, mahaifin Bishir, amma 'yan leƙen birni ba su san shi ba. Shi ne wanzamin ƙauyenku. Duk namijin da ke garin shi ya yi mashi askin suna, shi ya cire mashi beli, shi ya yi mashi kaciya. Da mahaifinka ya rasu kana ƙarami, shi ya ɗauko ƙanwarsa da kai ya riƙe. Kowace shekara in zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas, yakan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida, maza su jeru su tuɓe riga, ya kafa masu ƙaho a baya ya kwashe mataccen jini kafin a shiga noma. Ya tsaga, ya kafa, ya zuƙa, ya toshe. In ya ɗaga ƙahon sai gudan jini baƙi ya faɗo kan yashi, ya juya shi da tsinke ya nuna wa mai shi: "Ka ga abin da kake yawo da shi." Mutum ya tashi yana jin kamar an sauke mashi kaya. Gudan nan shi ne shaidar aikinsa, kuma bai taɓa ɗaga ƙaho bai gan shi ba.

Ranar kun dawo daga wanki da la'asar kuka tarar da layi. Ka sauko daga babur dafe da ƙugu, don kwanciyar inji da zaman mota sun riƙe maka baya. Baba ya ɗago, kawunka nake nufi, ya ce: "Zo nan ɗan Hajara. Injin Nasara ya wanke nashi, bari in kwashe abin da ya bari."

Daga nan zan riƙa cewa "ni" a madadin Bishir, don rubutun ya yi sauri. Mu manyan likitoci muna da wannan damar.

Na ce, Baba, yau an sa mashi maganin hana jini daskarewa, a ƙyale shi. Wallahi haka na faɗa, ko murmushi ban yi ba. Layin ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Injin da ka ce mamu yana gaisuwa da Fulatanci?" Wani ya ce, "A'a, wanda ke yin ƙara in wanda bai yi sallar asuba ba ya hau." Ni na ba su waɗannan labaran, ban musa ba, kuma sun ji daɗinsu lokacin da na bayar. Amma mutanen da suka san ni tun ina yawo ba wando sun san fuskata ta wasa, sun san ta gaske. Dariyar ce kawai ta fi masu sauƙi. Baba ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Jinin da zai ƙi daskarewa a ƙahona ba a halicce shi ba tukuna."

Na kalle ka. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa. Ka kalli layin, ka kalli tsohon da ya riƙe ka yana tsaye da aska gaban mutane, ka tuɓe riga ka zauna.

Da ya ɗaga ƙahon farko ba abin da ya faɗo. Zuba ya yi, ja, tsararo, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Ya bi gadon bayanka ya jiƙa wando. Baba ya goge, ya sake fitowa. Ya danna auduga, ta jiƙe. Ya buɗe zabira ya barbaɗa garin maganinsa da bai taɓa ba shi kunya ba, jinin ya wanke shi ya wuce. Ya motsa baki ya tofa. Layin ya watse a hankali, kowa na mai da rigarsa, ba mai kallon wani.

Na fizgo zanen Gwaggo daga igiya na naɗe ka tam, na ɗaure ka a bayana kamar goyo, muka kama hanyar Kankia. Kana ce mani a kunne in rage gudu, kar in riga jinin kashe ka. A asibiti suka danne wurin da kyau suka ɗaure, da ƙyar ya tsaya. Jininka dama kaɗan ne, sai da aka ƙara maka. Jinina aka ɗiba. Saboda haka ka sani, da jinin ubangidanka kake yawo a ƙasar mutane, ba da izini ba.

Da aka sallame ka aka taru a zaure. Baffa Sule ya zo daga Sukuntuni da babbar riga. Shi ya fara. Ya ce inji ya tsinka maka jini ya mai da shi ruwa, wankin nan wanke mutum yake har ya ƙare. Shaida kuwa kowa ya gani, jinin da ya gagari ƙahon Malam Iro. Aka gyaɗa kai, da sauri ma, don maganar ta yi wa kowa daɗi. In laifin inji ne, inji ba ya jin kunya, ba ya zuwa masallaci, ba wanda zai haɗu da shi a hanyar gona ya rasa inda zai sa idonsa. In kuwa ba laifin inji ba ne, to tsohon da ke zaune a kusurwa ne ya tsaga maras lafiya ranar da bai kamata ba, bayan an faɗa mashi, su kuma suna tsaye suna dariya.

Na buɗe baki, Baffa Sule ya ce, "Kai, manya na magana. Je ka sawo mamu goro." Na ce ku tambaye shi, ga shi nan zaune, shi aka yi wa kashedin. Duk suka juyo gare ka.

Ka san abin da ka ce. Ina so jama'a ma su sani. Ka sunkuyar da kai ka ce: "Gaskiyar Baffa ce. Tun da na fara shiga injin nan ba na jin jinina daidai."

Baba ya saki numfashi. Daga bakin ƙofa na jiyo shi.

Halinka ne tun muna makarantar allo. Ranar da na sa kwaɗo a butar Malam, duk makarantar ta san aikina ne, har kwaɗon ya sani. Malam ya ɗauko dorina ya tambaya, ka miƙe ka ce kai ne. Da aka tashi na tambaye ka dalili, ka ce bayanka ya fi nawa faɗi. Lokacin abin dariya ne. Bulala ce, ta yi shati ta warke. Wannan karon ba baya ka miƙa ba, rai ne, kuma ba naka ba ne kai kaɗai.

Amma kar ka ɗauka waliyyi zan mai da kai gaban mutane. Na san ka. Rabin tafiyarka don Baba ne, rabin don ruwa. Na ga idonka lokacin da Baffa Sule ya ce mai maganin nan na bayan Maraɗi ba ya hana kowa sha, shi daga ciki yake wanke ƙoda, jiƙon sassaƙe da kanwa, ƙwarya da safe, ƙwarya da yamma, a sha har a ƙoshi. Na ga ka haɗiye yawu. Ban ga laifinka a nan ba, ƙishirwar da ka sha ko jaki ba zai jure ba. Amma ka faɗa wa kanka gaskiya ko da ba ka faɗa wa zaure ba. Kai manomi ne. Wane manomi ke ganin lambunsa ya cika, magudana ta toshe, ya tada inji ya ƙara?

Kuka jira ranar da na kai albasarka kasuwa, kuka tafi. Ko sallahu ba ka bar mani ba. Na dawo na tarar da ɗan kofinka a kife kan randa, Gwaggo na ce mani in yi haƙuri, an ce kar a faɗa mani don bakina ba ya riƙe magana.

Shekaranjiya Baffa Sule ya sa bidiyonka a waya. Kana zaune jingine da bango, ƙwarya a cinya, yana cewa ka ɗaga hannu ka gaida mutanen gida. Jama'a suka yi ta zuba a ƙasa. Masha Allah ya murmure. Kumatu sun fito. Maganin gargajiya ba wasa ba. Gwaggo ta sa aka yi ta maimaita mata shi har cajin ya ƙare, ta tashi ta dafa ɗanwake ta yi sadaka. Matarka Saratu ce kaɗai ta karɓi wayar, ta kalla sau ɗaya, ta miƙo mani ta shige ɗaki. Ta san ƙafar nan, ita ke shafa mata mai.

Ba ƙiba ka yi ba, Ɗayyabu. Na tsayar da hoton na buɗa shi da yatsu. Takalminka na gefe, an yanke mashi maɗauri. Zoben azurfarka ba ya hannunka. Idanunka sun nutse cikin fuska. Ga matasan kai an tara a bayanka har wuya, irin na mai kwana a zaune. Gaisuwar da ba ta kai layin allo ɗaya ba, sai da ka tsaya a tsakiya ka ja numfashi. Duk ƙwaryar da ka sha tana nan, ba inda ta je. Yaushe rabonka da fitsarin kirki? Amsa wa kanka, ba sai ka rubuta a nan ba.

Na kai wa Sista Rabi bidiyon. Ta kalla, ta kira likita, wato wani ƙaramin abokin aikina. Ya ce a kawo ka yanzu, ba gobe ba, kuma ka daina shan jiƙon nan, don ƙodar da ba ta tacewa, abin da ke cikin irin wannan jiƙo na iya tsayar da zuciya tun ruwan bai gama nashi aikin ba. Injinan kaɗan ne, masu jira sun fi su yawa. Akwai wata mata da ke zuwa da ɗanta saurayi, kullum suna zaune a benci suna jiran a ce wani ya fasa. Sista ta ce za ta riƙe maka gurbinka zuwa ƙarshen makon nan, daga nan ba ta da idon da za ta kalli matar. Ni ma na ga matar.

Baba kuwa tun ranar bai sake kafa wa kowa ƙaho ba. Ya ce idonsa ne. Aski kawai yake yi, shi ma shiru, shi da ke aske mutum yana ba shi tarihin kakanninsa. Kwanon abincinsa na komawa ciki yadda ya fito. Da aka nuna mashi bidiyonka, mutane na ta Masha Allah, shi ƙafarka ya kalla. Wanzami ne, ya san kumburi. Ya miƙa wayar ya tashi ya tafi masallaci, ba a ko kira salla ba. Wannan ne mutuncin da ka tsare mashi. Ka zo ka ga yadda yake cin shi.

Yau da safe na same shi yana wasa aska a fata. Na durƙusa na ce, Baba, zan rubuta abin da ya faru ranar ƙaho, gaban duniya, yadda ya faru. Askar ta tsaya. Na jira mari, na jira ya ce in bar mashi gida. Bai ce in rubuta ba, bai ce kar in rubuta ba. Ya juya askar ya ci gaba da wasawa. Na daɗe a durƙushe, sannan na tashi.

To ga shi na rubuta. Kafin ta iso gare ka ta riga ta isa zaure, ta isa teburin mai shayi, ta isa Sukuntuni. Duk wanda ya tsaya a layin nan zai samu mai karanta mashi. Inji bai tsinka jinin kowa ba. Magani ne aka sa da gangan don jinin ya zaga ya dawo lafiya, kuma barin jiki yake da kansa. Kawunka ne ya tsaga ka ranar da aka ce kar a tsaga, mutanen gari suka yi dariya, kai ka tuɓe riga, sannan aka taru aka ɗora wa ƙarfe. Abin da kake rufewa da numfashinka na buɗe shi. Ba sauran abin da kake karewa a can. In fushi za a yi, da ni za a yi, kuma na saba.

An yi ruwa, an yi shuka. Na shuka maka geronka, layin ya karkace kamar tafiyar ɗan maye, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yi dariya. Ka zo ka zage ni. Ummi kuwa in ta ji babur ya tsaya ƙofar gida sai ta fito da gudu, ba ni take kallo ba, bayana take leƙawa. Na gaji da yi mata wasan ɓuya don ta manta. Na gaji da tsokanar mutanen da ba su iya ramawa ba.

Ka ajiye ƙwaryar nan yau. Ba sai ka yi wa Baffa Sule gardama ba, ka ce cikinka ya cika, ba ƙarya ka yi ba. Sunan garin kawai nake so, don sun ɓoye mani shi. Ka turo, in taso. In ba ka iya zaman babur, zan samo mota. Ba zan yi maka daɗin baki ba, ƙishirwar na nan tana jiran ka, ba a samo mata magani ba. Abin da zan iya, in muna tare ba zan ƙara shan komai a gabanka ba.

Allah Ya sassauta maka, Ya buɗe maka ƙirji, Ya riƙe numfashinka har ka iso. Allah Ya ba Gwaggo haƙurin abin da za ta ji yau. Allah Ya shirya Baffa Sule, Ya raba shi da waya. Matar benci, Allah Ya buɗa wa ɗanta ta wata ƙofar da ba ta mutuwarka ba. Tsohon nan kuma, Allah Ya sa ya yafe wa ɗansa, in ba yau ba wata rana. Amin.

Saura sa hannu. Na so in bar sunan babban likita, don na ga a garinmu magana sai da babbar riga take shiga kunne. Amma in likita ne ya faɗa, gobe Baffa Sule zai ce ɗan boko ne ya raina sana'ar iyayenmu, a gyaɗa kai a tashi, kai kuma ka ci gaba da zama jingine da bango. Saboda haka kowa ya sani, ba likita a nan, ba ofis. A kan buhun taki nake zaune bayan shagon cajin waya. Ban taɓa shiga aji ba, a wayar nan na koyi haɗa baƙin boko, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Wanda ya rubuta ɗan wanzamin ne na cikinsa, wanda askar nan ta ciyar, wanda in ya tura wannan zai koma gida ya tarar da tsohon a ƙofa.

Ni ne taubashinka,
Bishir ɗan Malam Iro.